Ku Tambayi Anti: Hular jarirai, shawul da kyautar barka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hunturu ya kawo kai, kuma da shi ya zo saƙonninku suka ƙaru a kan saƙa, musamman ta kayan jarirai, wasu daga Zamfara wasu daga Kebbi. Na zaɓo waɗanda tambayarsu ta fi maimaituwa, wadda ba ta ga tata ba ta yi haƙuri, in sha Allahu za ta tsinci amsarta a cikin ta wata.

Tambaya: Anti barka da aiki. Dan Allah ni sabuwar koyo ce, yayata na da ciki ya tsufa nake son in mata hula da safa, na saƙa hula ukku duk ba wadda ta yi, ɗaya kamar ta 'yar tsana ɗaya kuma har ƙanena ɗan shekara biyu ta shige shi. Ya ake gane girman kan jaririn da ba a haifa ba tukuna? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Ɗiyata ki samo tef irin na tela, shi ne maganin wannan matsalar, don ido ba ya auna kan jariri. Yaron da aka haifa cikakken wata tara kewayen kansa yakan kama inci 13 zuwa 14, wato wajen santimita 33 zuwa 36. Hular kuma ana yin ta ƙasa da haka kaɗan saboda saƙa tana buɗewa idan an sa, toh kinga abin da kike nema shi ne hula mai kewayen inci 13 ko kusa da haka.

Ga yadda za ki yi da kwarashi. Ki fara daga tsakiyar kai, ki yi ɗan zobe da sarƙa, ki zuba dabul 12 a ciki, wato saƙar da ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka shi a rami. Layi na biyu ki sa biyu-biyu a kowane rami su zama 24, na uku ki riƙa sa biyu a rami ɗaya, ɗaya a na kusa da shi, su zama 36, na huɗu 48, haka dai kina ƙara 12 a kowane layi. Abin zai riƙa fitowa a shimfiɗe zagaye, sai ki ajiye shi a ƙasa ki ɗora tef daga wannan baki zuwa wancan ta tsakiya. Da ya kai inci 4 ko 4 da kwata, ki daina ƙari. Daga nan sai ki ci gaba da ɗaya-ɗaya a kowane rami, za ki ga da kanta ta fara lanƙwasowa tana zama hula, ki tsaya idan tsawonta daga tsakiyar kai zuwa baki ya kai inci 5. Kar ki riƙe adadin layi a ka ki ce ai wance layi huɗu ta yi, domin ulunta da naki ba kauri ɗaya ba ne, hannunta da naki ma ba ɗaya ba, wata tana matsewa wata tana sakewa. Tef ɗin dai shi za ki bi. In ulun siriri ne irin wanda ya fi yawa a kasuwa ki ɗauki kwarashi mai lamba 2.5 ko 3, in mai ɗan kauri ne 3.5 ko 4, lambar tana rubuce a jikinsa. Idan kika ga zagayen yana tattarewa a baki, ƙarin ya yi yawa, in kuma ya fara zama ƙoƙo tun da wuri to ƙarin ya gaza ko kin cika matse hannu.

Sannan shawara ta, ki saƙa biyu. Ɗaya ta ranar haihuwa, ɗaya kuma mai faɗin tsakiya inci 5 wadda zai sa a wata uku zuwa shida, saboda kan jariri yana girma da sauri sosai, kafin a gama wankan jego ta farkon ta matse shi. Waccan da ta shige ƙanenki kuma ki bar masa, ai ba ta ɓaci ba.

Tambaya: Anti ina cikin damuwa. Ɗana watanshi biyu, uwar mijina ta ce kada in kuskura in cire mai hular ulu dare da rana don sanyi na shiga ta maɗiga, har da rigar sanyi da shawul ake naɗe shi, kuma da dare ana kawo garwashi ɗaki. Yaro duk ya fito da ƙuraje a wuya da goshi, shina ta zufa shina kuka. In na yi magana a ce yaran zamani ba su jin magana. Mi zan yi? Daga wata mai jego, Birnin Kebbi.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa ni a wannan makon, kuma ina roƙon duk mai saƙa wa jarirai kaya ta karanta, don mu muke yin kayan, ya kamata mu san lokacin da suke amfani da lokacin da suke cutarwa.

Inna tana da gaskiya ta wani ɓangare. Jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, kansa kuma babba ne idan aka kwatanta da sauran jikin, shi ya sa a asibiti da an haife shi ake goge shi a ɗora a ƙirjin uwa a rufe, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko zuwa awa 24. Da asubar hunturu ma, ko za a fita da shi a kan mashin ana iska, hula ta zama dole. Amma maɗiga ba ƙofa ba ce da sanyi zai bi ya shige, wuri ne da ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba, akwai fata mai ƙarfi a ƙarƙashi, kuma da kanta take rufewa yawanci kafin yaro ya kai shekara biyu. In kin ga ta faɗa ciki, wannan alamar ƙarancin ruwa ce a jiki, musamman in yana gudawa, asibiti ake zuwa, hula ba ta gyara shi.

Ta kai ɗin nan ne kuma jariri yake fitar da zafi in ya masa yawa. Kin toshe kai, kin naɗe jiki da ulu, ga garwashi, ina zafin zai bi? Ƙurajen da kike gani na zafi ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a shawarwarinta na 2022 ta ce kar a sa wa jariri hula yana barci a cikin ɗaki in ba a awannin farko bayan haihuwa ba ko wanda ke kwance a sashen jarirai na asibiti, dalilinsu kuwa zafi ne, to in a ƙasar da ake dusar ƙanƙara aka faɗi haka ina ga Birnin Kebbi da zafin watan Afrilu ke wuce 40. Hula kuma tana iya zamowa ta rufe hanci cikin dare ba wanda ya gani.

Ki daina taɓa hannunsa ko ƙafarsa don gane ko yana jin sanyi, waɗannan kullum sun fi sauran jiki sanyi. Ki sa hannu a ƙirjinsa ko bayan wuya, in da ɗumi ba gumi to lafiya lau, in ya jiƙe ki rage masa kaya. Abin da ke kika sa kika ji daidai, shi ki ƙara masa guda ɗaya a kai, shi ke nan. Ki kwantar da shi rigingine a cikin gidan sauro, in za ki rufe shi kar mayafin ya wuce ƙirji, ki cusa gefensa ta yadda ba zai jawo shi fuska ba. In kina da abin auna zafi, daidai shi ne 36.5 zuwa 37.5, yaro ɗan ƙasa da wata uku in ya kai 38 kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti.

Garwashin nan kuwa wallahi shi ya fi tsorata ni. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, babba ma tana kashe shi cikin barci balle ɗan wata biyu. Ga shi ulun da muke saƙa da shi na roba ne, in tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake ya manne a fata. In dole sai an ɗumama ɗaki, a ɗumama kafin ku shiga a fitar da kaskon, a bar taga a ɗan buɗe.

Batun Inna kuma, kar ki yi musu da ita gaba da gaba, ƙaunar jikanta ce ta sa take yi. Ranar rigakafi ki roƙe ta ta raka ki, ki yi tambayar a gaban ma'aikaciyar jinya ta ji da kunnenta. Ki kuma faɗa wa maigidan a natse, shi ya san yadda zai yi wa mahaifiyarsa magana. Kafin nan ki samo hular auduga mara nauyi ki sa masa da rana in Inna na kusa, hankalinta ya kwanta, ta ulun a ajiye sai za a fita.

Tambaya: Salamu alaikum. Ɗiyata ta haihu bakwaini, suna asibiti, duk hulunan da munka saya sun yi mashi yawa. Na iya saƙar kwarashi tun ina budurwa, ƙaƙa zan yi mashi wadda za ta zauna? Daga wata kaka, Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi ya ba uwar lafiya. Nan kam hula magani ce, don bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Duk wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5 sanyi babban abokin gabansa ne. In da hali ki sa a auna miki kan da tef, in babu ki yi mai faɗin tsakiya inci 3 zuwa 3 da rabi, tsawo inci 4. Ki nemi zare mafi laushi da za ki samu, ki goga a wuyanki, in ya ɗan soke ki to shi zai ji fiye da haka. Kar a yi ƙulli a ciki, kar a sa igiyar ɗaurewa a haɓa, kar a sa tuntu a sama. Ki wanke ta ta bushe sarai kafin a kai, kuma ki nuna wa ma'aikatan ɗakin tukuna, don wani yaron akwai robar iska ko ta abinci a hancinsa, su suka san abin da zai dace.

Ki tambaye su kuma batun goyon ƙirji, wanda ake kira kangaru. Yaro daga shi sai famfas da hula da safa, a manna shi tsakanin nonon uwa fata da fata a ɗaure da zane, kamar dai goyon da muka sani amma ta gaba. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalbar jarirai, yanzu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2022 ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa. In uwar ta gaji ke ma za ki iya karɓa Hajiya, uban ma zai iya. In kuma hannu ya saba kika ga zare ya ragu, ki ƙara biyu ko uku ki ba maƙwabtan gadonsu, ba kowa ke da kaka mai kwarashi ba.

Tambaya: Anti wani ulun in na saƙa yaro sai ya yi ta susa, mai shago kuma ya rantse min auduga ce. Sannan shawul ɗin da na wanke ya miƙe ya zama wani iri. Daga Yauri.

Amsa: Ki yanko ɗan guntu ki kai waje ki sa masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Na gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi. Na roba kuma, akirilik, narkewa yake ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri, kuma mafi yawan abin da ke kasuwanninmu shi ne, ko da muna ce masa ulu. Ba laifi ba ne a yi amfani da shi, yana da araha yana jure wanki, sai dai ba ya shan gumi, saboda haka a sa wa yaro rigar auduga daga ciki kar ya taɓa fata kai tsaye. Wanki kuma da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ban da haifo, ban da murɗawa, ki matse a hankali cikin tawul ki shimfiɗa a kan tabarma a inuwa. Rataya shi a igiya da ruwa a jiki shi ya miƙar miki da shi. Dutsen guga kuwa kar ya kusance shi ko kaɗan.

Tambaya: Anti dan Allah ki ɓoye sunana. Abokiyar zamana na da ciki, wanga ne na farinta, ni kuma nawa huɗu. Muna zaman lafiya ba laifi, na so in saƙa mata shawul da hula amma ƙawata ta ce kada in yi, in wani abu ya samu yaron za a ce ni ce, wai kuma ba a yi wa ciki kaya tun bai fito ba. Na riga na sayi zaren. Daga Talata Mafara.

Amsa: 'Yar uwa Allah ya saka miki da alheri da wannan niyya, ki saƙa abinki. Zare ba ya jawo wa ciki komai, rai da ajali na Allah ne, kuma Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da mu yin kyauta ga juna don ƙauna ta ƙaru. Amma ƙawar taki ba ta yi ƙarya a kan bakin mutane ba, shi ya sa yadda za ki bayar ya fi abin da za ki bayar muhimmanci. Kar ki yi a ɓoye. Ki zauna da kwarashinki a tsakar gida kowa na gani, maigida ya san kina yi, in ma kin ga fuska ki nuna mata launin ki ce wanne ya fi. In tana jin kunya, tunda na fari ne kin san ba za ta so a yi ta zancen ba, sai ki ƙyale ta, ki gama ki wanke ki ninke ki ajiye, ranar da ta sauka ki haɗa da sabulu da turmin atamfa in da hali ki miƙa a gaban danginta cikin kayan barka. Abin da aka yi a sarari wuya ne a ƙulla masa sharri. Tunda ba a san mace ko namiji ba, ruwan madara, ruwan ƙwai mai haske ko kore mai sanyi duk suna tafiya da kowa.

Abu ɗaya zan ja miki kunne, ke da duk masu yin na kyauta, don na san in ana so a burge sai a cika ado. Ban da duwatsu, ban da maɓalli, ban da ƙananan furanni da aka manna da gam, yaro yana cizge su ya kai baki ya shaƙe. Saƙar ma kar ta zama mai manyan ramuka da yatsa zai shige, kuma duk bakin zare ki soke shi ciki da allura ki yanke, safa ki juya cikinta ki duba, don silin zare ɗaya in ya naɗe ɗan yatsan ƙafa yana iya tsare jini ya kumbura, yaro na ta kuka ba a san dalili ba. 'Yan barka za su yaba su tafi, yaron ne zai kwana da kayan.

Tambaya: Bargon da nake saƙawa ƙasa faɗi sama tsuke, ya zan yi? Daga Tsafe.

Amsa: Kina tsallake ramin ƙarshe ne a kowane layi, yana ɓuya kusa da sarƙar juyawa. Ki ɗaura guntun zare mai wani launi a ramin farko da na ƙarshe, ki riƙa ƙirgawa bayan layi biyu ko uku. Wanda ya riga ya karkace sai warwara zuwa inda ya fara, ja da hannu ba ya daidaita shi. Bargon jariri inci 30 da 36 ya isa. Ki kuma sayi zaren gaba ɗaya lokaci guda, don in kika koma ƙari sau da yawa launin ba ya zuwa daidai ko da sunansa ɗaya, sai an fita rana ake ganin bambancin.

Tambaya: Anti ni sana'ata ke nan shekara da shekaru amma ban ga abin da na tara ba. In na faɗi kuɗi sai a ce ai zare ne kawai, na kanti ya fi araha. Dangi kuma kowa ya haihu sai a aiko a ce in yi, ko kuɗin ulu ba a bayarwa. Har na fara tunanin bari. Daga Jega.

Amsa: Kar ki bari, ki gyara lissafi. Mafi yawanmu kuɗin zare muke ƙirgawa mu ɗora ɗan wani abu a kai, mu manta da bayanmu da idonmu da awannin da muka zauna. Bari mu yi shi a fili. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, in kika raba shi da kwana 22 na aiki, awa 8 kowace rana, awa ɗaya ta kama kusan naira 400. A ce shawul ya ci miki awa 25, kinga ladan hannu kaɗai 10,000 ke nan, ba a sa zare ba, ba a sa kuɗin mashin zuwa kasuwa ba, ba a sa leda ba. Na san za ki ce wa zai biya, kuma gaskiya ne ba kowa ba, amma ki san ainihin kuɗin tukuna, in za ki rage ki rage da saninki. Ki duba agogo in kin fara ki duba in kin ajiye, ki rubuta a ɗan littafi, cikin wata guda za ki gane wane kaya ne ke kawo kuɗi wane ne ke cinye ki. Yawanci ƙananan ne ke da riba, hula da safa da takalmi, tunda cikin awa biyu an gama, babban shawul kuwa sai wanda aka yi oda aka ba da rabin kuɗi a hannu. Ki kuma riƙa sabunta farashi duk lokacin da kika sayo zare, tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi komai ya tashi, wadda ke sayarwa da kuɗin bara tana cin uwar kuɗinta ne ba ta sani ba.

Masu cewa na kanti ya fi araha ki amsa musu da fara'a cewa inji ne ya yi shi dubu-dubu. Saƙar kibiya inji yana yin irinta, amma ainihin saƙar kwarashi har yau hannu ne ke yin ta, rami bayan rami, kuma ke kina yi daidai kan yaron, da launin da uwar ke so, har da sunansa in an ce a sa. Mai son araha ba naki ba ne, ki bar shi ya tafi ba tare da ɓacin rai ba.

Dangi kuma ke za ki yanke wa kanki. Ki ware waɗanda za ki yi wa kyauta don Allah da zumunci, ki yi musu da zuciya ɗaya, hula da safa sun isa. Sauran ki ce "toh Yaya, a kawo zare ƙulli kaza, ladan hannu kuma na rage miki kaza." Sau ɗaya za ki ji nauyin faɗa. Mai ƙosai ma ba ta raba wa dangi kullum.

Jega gari ne na kasuwa, kar ki tsaya kan kayan sanyi kawai da ba su wuce wata uku zuwa huɗu ana nema. Ki fara saƙa na hunturu tun cikin damina, Agusta da Satumba, Nuwamba ta same ki da kaya a ƙasa. Da bazara ki koma jakar hannu ta 'yan mata, jakar Alƙur'ani ta 'yan Islamiyya, rigar filas, shimfiɗar tebur da ta kan kujera don kayan ɗakin amare, ribom na yara lokacin sallah. Hoto kuma ki ɗauka da safe a hasken rana a kan farin ƙyalle kafin ki sa a WhatsApp.

Tambaya: Hajiya ni namiji ne, na koya wajen mahaifiyata, matata ta kusa haihuwa ina son in yi wa yaron bargo da hannuna amma abokai na yi min dariya. Daga Ƙauran Namoda.

Amsa: Malam ka yi abinka, Allah ya sauke ta lafiya. Ka tambayi abokan naka su waye masaƙa a ƙasar Hausa, ai maza ne ke zama a bakin masaƙa suna fitar da saƙi da luru, maza ne ke ɗinkin hula da aikin babbar riga. Yankinku ma ƙasar auduga ce, jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura a 1929 ita da gyaɗa yake kwasa, Gusau kuma har masaƙa ta zamani ta yi wadda ta ciyar da gidaje da yawa kafin ta tsaya. Ka bi awon da na ba 'yar uwarmu ta Tsafe, ka fara da wuri, bargo yana cin lokaci.

Tambaya: Anti muna da mata a unguwarmu da suka baro ƙauyukansu saboda rashin tsaro, da yawa mazansu sun rasu, ina koya musu karatu da yamma. Ina so in haɗa musu da saƙa ko za su samu na sabulu, amma jarin kaɗan ne. Kuma akwai wata yarinya bahaguwa, na yi na yi ta kasa. Daga wata malamar Islamiyya, Gusau.

Amsa: Malama Allah ya biya ki, ya mayar da su gidajensu cikin aminci. Saƙar kwarashi ta dace da halin da suke ciki, ba ta son wuta ba ta son shago, mace na goyo tana yi, ta ajiye ta ɗauka. Ki sayi kwarashi mai lamba 4 da zare mai haske mai ɗan kauri, baƙi da shuɗi mai duhu suna wahalar da mai koyo don ba ta ganin rami, ballantana da yamma. Makon farko sarƙa kawai da ɗan murabba'i kamar tafin hannu, kar ki bari a zubar da su, in sun taru ki haɗe su su zama bargo guda, shi ne kayan farko da za ku sayar ko ku ba wadda ta haihu a cikinsu. Wanda bai yi kyau ba a warware a sake, zare ɗaya yana koyar da mutum uku. Daga nan ku wuce hula da safa.

Ki lura da hannunsu, akasarinsu sun iya saƙar faifai ko tabarma da kaba tun a gida, za ki ga sun fi ki saurin kamawa, wadda ta fara ƙwarewa ki ba ta biyu ta koya musu. Kuɗin da ya shigo a raba uku, na zare a mayar, na mai aikin a ba ta a hannu ranar da aka sayar don ta ga amfanin zamanta, ɗan saura a tara kamar adashi har ya isa a aika Kano a sayo zare da dozin, ya fi sauƙi nesa da sayen ɗaya-ɗaya. A riƙa hutawa kuma ana miƙe yatsu, wadda ta ji hannunta na dindiris, musamman mai ciki, ta ajiye sai gobe.

Yarinyar kuma ba ta kasa ba, da dama kike tilasta mata. Ki bar ta ta riƙe kwarashi da hagunta, ba abinci take ci ba, aiki ne. Kar ki zauna a gefenta, ki zauna kina fuskantarta gwiwa da gwiwa ki riƙa yi a hankali tana kwaikwayon abin da take gani, damarki za ta zo daidai hagunta. Saƙarta za ta riƙa tafiya daga hagu zuwa dama saɓanin taki, kar ki gyara mata, hular da za ta fito iri ɗaya ce. In akwai mai waya a kusa a nemo mata bidiyon masu saƙa da hagu a YouTube ta kalla sau biyu ko uku, sai ki rubuto min ki faɗa min yadda ta kaya.